Katakon da Gara Ta Ci

BABA: Auta, kina jina?

AUTA: Baba? Yau kai da kanka ka kira? Ina wuni?

BABA: Lafiya.

AUTA: Ya gida? Ya ƙafar?

BABA: Da sauƙi. Ya mai gidan naki da yaran?

AUTA: Duk lafiya, sun fita. Wace ƙara nake ji haka?

BABA: Ruwa ne a kan kwano. Tun safe ake yi. Asabar ɗin nan ko ƙofa ban buɗe ba.

AUTA: Ka ci abinci dai?

BABA: Na ci.

AUTA: Me ka ci?

BABA: Kin zama 'yar sanda ne? Tambaya gare ni, kuma katin ba yawa.

AUTA: To, ina ji.

BABA: Fasto ya zo jiya. Ya ce gobe akwai Jibin Ubangiji a majami'a, in ba zan iya zuwa ba zai kawo mini gurasar da ƙoƙon gida. Na ce ya bari.

AUTA: Me zai hana ka zuwa? Majami'ar da ke bayan gidanka?

BABA: Na kwana biyu ban je ba.

AUTA: Tun yaushe?

BABA: Tun da suka kwashe bencinan da na yi, suka zuba kujerun roba. Wanda muke zama da uwarki ma sun fitar. Na shiga, ban san inda zan zauna ba, na dawo.

AUTA: Haba Baba. Kuma ba ka faɗa mini... Alo? Baba?

BABA: Ina nan. Sabis ne. Bari in matsa bakin taga.

AUTA: To amma me ya sa Fasto zai kawo maka har gida? Ai marasa lafiya ake kai wa.

BABA: Na je wajen likita. Ya ce abin nan na ciki ya bazu.

AUTA: Wane abu? Baba, wane abu ne ya bazu? Yaushe ka je? Wa ya raka ka?

BABA: Ba don shi na kira ba.

AUTA: Gobe zan shigo mota.

BABA: Ki shigo jibi, ba inda zan je. Ki bari in yi tambayata. Ke kin yi karatun Littafi, ni aji uku na yi aka ba ni zarto.

AUTA: To, Baba. Yi.

BABA: Fasto ya ce in mutum ya ba da gaskiya, Allah ba ya duban halinsa. Wai adalcin Almasihu ake yafa masa, sai a ce da shi mai adalci. Haka ne?

AUTA: Haka ne.

BABA: To wannan ai fenti ne.

AUTA: Fenti kuma?

BABA: Akwai kafintocin da ke samun katakon da gara ta cinye, su toshe ramukan da garin katako da gam, su shafa fenti, su sayar. Ni tun da nake ban taɓa yi wa mutum haka ba. Yanzu a ce da ni Allah haka yake aiki?

AUTA: Baba...

BABA: Na san cikina, Auta. Ni ba mutumin kirki ba ne can. Da ina cewa ko ba komai ga bencina, ga ƙofar majami'a, ga mumbari, hannuna ne. Yanzu hannun rawa yake, ƙusa ma ba na iya riƙewa. Bencinan suna bayan ofishin Fasto, ruwa na dukansu. Da me zan je?

AUTA: Mai fentin nan, wa yake cuta?

BABA: Mai saye mana.

AUTA: Saboda bai ga ramukan ba.

BABA: Eh.

AUTA: To Allah akwai ramin da bai gani ba? Ya gani duka kafin ya ce yana so. Kuma ba arha ya saya ba, Ɗansa ya bayar a kan gicciye. Wa aka cuta a nan?

BABA: Hmm.

AUTA: Ina ƙarama ina zama a shagonka. In aka kawo karyayyar kujera, kana cewa a je a gyara ta tukuna a kawo?

BABA: Wace irin magana ce wannan? In an gyara me zan yi da ita?

AUTA: Karɓa kake yi yadda take, ka shigar da ita ciki. Gyara kuma daga baya, a hankali.

BABA: Wata ba ta gyaruwa. Sai murhu.

AUTA: Wa ke faɗin haka, kujerar ko kafintan?

BABA: Bakin uwarki gare ki.

AUTA: Ita ma ba da aikinta ta tafi ba, Baba. Kana wurin. Me ta ce a ƙarshe?

BABA: Ta ce Yesu ya isa.

AUTA: To.

BABA: Na ɗauka don ita mai haƙuri ce.

AUTA: Mama? Wadda ta jefi mai gawayi da tsintsiya?

BABA: Ya cuce ta a mudu ne.

AUTA: Ka ji ka. Alheri ne, Baba. Hannu wofi ake zuwa, ita ma haka ta je.

BABA: Hannu wofi. Ni ko gidan makoki ban taɓa shiga hannu wofi ba.

AUTA: Na sani. Baba, kana nan? Na ji shiru.

BABA: Gidan ne shiru. In ruwan ya tsaya, sai agogo.

AUTA: In kira Fasto ya kawo maka?

BABA: A'a. Ƙafata ba ta mutu ba tukuna, gobe da kaina zan je. Auta.

AUTA: Na'am.

BABA: Farar rigar nan tawa mai dogon hannu. Ina uwarki take ajiye ta? Na duba akwati ban gani ba.

AUTA: Ba a akwati take ba. Ka duba ƙarƙashin gado, akwai wata jaka mai...

BABA: Mai me? Auta? Alo.

BABA: Auta.