Layin Allin Orville Pruitt

Fasto Lindqvist, mai girma magajin gari, shugaban kwamitin wasanni Mista Wendell Haskins da muƙarrabansa da suka cika kujerun gaba, Mama Loretta uwargidan marigayi, 'yarsa Jolene, jama'ar Merritt Falls, ina gaishe ku.

Kun ga yadda na hau nan ina ɗingishi. Wannan ƙafar ce ta sa iyalin suka zaɓe ni.

Orville Pruitt ya kasance alƙalin wasan besbol, ƙwallon da ake bugawa da sanda, a zangon farko, inda ɗan wasa ke fara rugawa bayan ya buga, tun kafin wasunmu su iya riƙe sanda. Ya kasance mutum mai taurin kai a kan abu guda, wato siririn layin nan da mai gudu zai bi idan ya doshi zango, don kada ya yi karo da mai tsaro. Da kansa yake tura keken alli yana zuba shi. Muna yara muna tsokanarsa, "Baba Orville, shago za ka gina a wurin?" Sai ya ce, "Ƙafarka nake gina wa katanga, ɗan banza."

Ranar wasan ƙarshe na cin kofi, ni ke tsaron zango wa 'yan unguwar masaƙa. Brock Haskins ya bar layi, ya taho ta ciki, ya sa takalmi mai ƙusa a idon sawuna. Ƙwallo ta faɗi, ni ma na faɗi. Filin ya ɗauki ihu, wai su Brock sun ci kofi. Orville ya ɗaga hannu ya ce wa Brock, "Ka fita." Nan take nasarar ta rushe.

Mista Haskins ya tsallako shinge da gahawa a hannu tana zubewa a rigarsa. "Orville, ɗana ne fa! Ka makance?"

"Na gan shi sarai, Wendell. Shi ya sa."

Kwamiti ya zauna. Manyan mutane, masu ɗaura taye a wuya. Ba wanda ya zo asibiti ya ga ƙafata, amma sun sami lokacin gano cewa idon Orville ya raunana. Suka kore shi. Sannan suka yi dabarar da har yau nake jinjina wa ƙanƙantarta: suka daina zuba layin gaba ɗaya, don kada wani alƙali ya sake ganin an ƙetare shi. Tun daga ranar yaranmu ke karo a wurin nan, ana cewa tsautsayi ne.

Yau kuma ga su da furanni, da allon tagulla mai cewa ya yi ritaya cikin girmamawa. Ritaya! Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon wasa ta bayan shingen waya, kamar baƙo a garinsu.

Mama Loretta, kin ce in faɗa musu a madadinki, to ga shi: su koma da allonsu. Jolene, ubanki bai yi kuskure ba. Ina ƙasa a ranar, na fi kowa ganin inda ƙafar Brock ta sauka.

Keken allinsa na nan a garejinsa. Ranar Asabar da safe mu za mu tura shi filin, mu zuba layin. Mai son goge shi ya zo da rana, a gaban iyayen yara.

Mun gode wa matan coci da suka ciyar da mu, da duk wanda ya zo don Orville. Allah ya jiƙansa, ya ba iyalinsa haƙuri. Ya tafi gaban Alƙalin da babu kwamitin da zai kore shi, kuma dukanmu muna tafe, har da kujerun gaba. Amin.