Njamena ta fi kusa, amma Abuja aka mayar da ni

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Modu ne daga Mafoni, Maiduguri.

Talatar da ta wuce, da hantsi, ina tsaye a ofishin jakadancin wata ƙasar Turai a Njamena. Bana na gama jami'a, na samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar, amma ranar ganawar biza da ofishinsu na Abuja ya ba ni sai bayan an rufe rajistar makarantar.

Kawuna, dillali a Kasuwar Shanu, ya ce, "Kai ɗan boko, Njamena ba ta fi Abuja kusa ba? Ai kamar banki ne, kowane reshe ka shiga." Na duba taswira, lallai ta fi kusa. Na bi shi.

Ma'aikaciyar tana ganin koren fasfona ta ce, "Mazauna Chadi kaɗai muke saurara. Koma Abuja." Shi kuwa Kawu, wai ban iya gaisuwa ba ne!

Masu sauraro, ku taimaka, ga abin da ban sani ba. Ana iya matso da ranar Abuja? Makarantar za ta jira ni? Kuma wa zai gaya wa mahaifiyata, wadda tuni ta daka mini yajin tafiya?