Makiyayin da Bai Karya Ƙafar Tunkiya Ba

Shugaban wannan taro, Rabaran Haruna, dattawan ikilisiya, wakilin Dagaci, maƙwabtanmu Musulmi na Kademi da Toranke da suka ajiye fartanya suka zo taya mu murna, iyayena mata na zumunta, matasa da yara manyan gobe, ina gaishe ku da sunan Ubangiji.

Sunana Hanne Isyaku, ni aka ɗora wa kula da ɗakin karatun da muke buɗewa yau. Ina godiya ga wanda ya buga bulo, ina godiya ga wadda ta ɗebo ruwa, ina godiya har ga wanda ya tsaya a inuwa yana ba da shawara, don shi ma ya yi gumi a baki.

Magana ta farko: babu bidiyon yara da ke hawa kantar nan sai mu huɗu masu kula da ɗakin mun zauna mun kalle shi, Littafi Mai Tsarki a buɗe a cinya. Abin da ya dace da Nassi mu karɓa, abin da aka yi wa ƙarin gishiri mu mayar. An ce mun cika tsanani. Mun ji, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ta biyu ita ce dalilin wannan tsanani, kuma da izinin masu labarin zan faɗa. Baba Bala, dattijonmu, ya taɓa kawo mana wani katun, wato bidiyon zane, na ɓatacciyar tunkiya. A ciki makiyayi ya samo ta, ya karya mata ƙafa don kada ta sake yawo. Iyaye mata suka yi ta rububinsa, kowacce tana so ta tsorata ɗanta mai sakin awaki cikin gonar mutane. A lokacin nan, Yusuf, ɗan Baba Bala, ya yi fushi da gida ya tafi Kano, ya bar ƙaramar 'yarsa Lauratu wurin kakanni. Wata Lahadi muna addu'a Allah ya dawo da shi, sai yarinyar nan ta ja mini zane, ta ce, "Malama, kar a roƙa. In Babana ya dawo, Yesu zai karya masa ƙafa."

Jama'a, na ji zafin maganar nan har cikin raina. Muka buɗe Luka sura goma sha biyar, muka bi ta aya aya. Babu sanda, babu karaya. Makiyayi ya saɓa tunkiyarsa a kafaɗa ne yana murna, ya kira maƙwabta su taya shi. Muka je wurin Baba Bala jiki a sanyaye, don mayar wa dattijo kyautarsa ba ƙaramin abu ba ne. Ya sa aka karanta masa surar, sannan ya ce, "Hanne, ashe ni ma da sanda nake jiran yaron nan. Ku cire katun ɗin." Ranar kasuwar Gaya ya hau mota, ya nufi Kano da kansa.

Saboda haka nake alfahari da wannan ɗan ɗaki, nake alfahari da wannan ikilisiya, nake alfahari da dattijon da ya fifita Maganar Allah a kan kyautarsa da fushinsa. Iyaye, ku kawo mana abin da ke cikin wayoyinku mu duba tare, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda kuma yake tambayar amfanin wannan wahala, ya waiga bayan rumfa. Ga Yusuf can tsaye da ƙafafunsa biyu, Lauratu tana kan kafaɗarsa.

Allah ya tsare idanun 'ya'yanmu da kunnuwansu. Allah ya komo da duk wanda ya yi nisa da gida. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.