Mai Karanta Maganar Uban

A tashar mota, wata ɗaliba tana ta motsa baki, takarda a hannu. Tsohon da ke gefenta ya kasa haƙuri.

"Lafiya, 'yata, kike magana ke kaɗai?"

"Hadda nake, Baba. Wasan kwaikwayo nake karanta a jami'a. Gobe jarrabawa, kuma na rasa mai karanta mini maganar uban."

"Yanzu har wasa sai da digiri? Miƙo nan." Ya gyara tabarau, ya karanta a hankali: "Dawo gida, 'yata, na huce."

Ba ta karɓa da nata layin ba.

"To, saura ke."

"Ɗan maimaita, Baba. Nawa uban, tun da na zaɓi karatun nan bai ƙara ɗaga wayata ba."

Tsohon ya kife takardar a cinyarsa, ya dube ta, ya sake faɗa.