Ramukan da Alhaji ya bari a tabkinmu

"Kafin ruwan farko ya sauka zan cike ramukan nan, ko da hannuna ne." Malam mai gabatarwa, assalamu alaikum, barka da aiki. Wannan alkawarin Alhaji ne, shugaban kwamitin tabkin ƙauyenmu, nan kusa da Dakoro, kuma a gaban mata ya yi shi. Yau gero ya kai gwiwa, hannun Alhaji bai taɓa ƙasa ba.

Tsohuwar madatsa ce, tun muna 'yan mata muke wanka a gefenta, ruwa iya ƙugu. Da rani Alhaji ne ya bar masu tubali suka yi ta haƙar laka a gindin bangon, har ramukan suka isa haɗiye raƙumi. Yanzu ruwa ya rufe su, ba mai ganin inda suke.

Ran Laraba ɗiyata Hadiza ta shiga wanka inda ta saba. Taku uku ta yi, ta nutse. Wata Bafulatana mai shayar da shanu ce ta miƙa mata sanda ta jawo ta. Ina gaishe ta, Allah ya raya mata nata.

Da na sami Alhaji sai ya ce, "Malama, me ya kai 'ya mace tabki?" Na ce, "Kai me ya kai lakar tabki sabuwar katangarka?"

Alhaji, na san kana saurare. Nan da Juma'a ka kafa turaku da jan ƙyalle a bakin kowane rami. In ba ka yi ba, ran Asabar mu mata za mu zo da amalanke, mu kwashe tubalin da ka jibge ƙofar gidanka, mu mayar da shi inda aka haƙo shi.

Daga Rabi, uwar Hadiza.