Na'urar da Ke Neman Murmushi

A bencin jira na wani ofishin fansho a Daura, wani dattijo ya miƙa wa matar da ke gefensa wayarsa.

"Hajiya, dubi abin da take ce mini. Wai in yi murmushi ta tabbatar ina raye."

"To, yi mata mana, Malam."

"Da wane bakin? Tun da hawan jini ya shanye mini ɓarin fuskar nan, bakina bai koma daidai ba. In na yi, sai ta ce ba ta gane ni ba, in sake. Daga Zango na taso, aka ce yanzu ba mutum ke tantancewa ba, na'ura ce mai basira. Wanda ya tsara ta bai taɓa ganin tsoho ba ne?"

"Ai ba su tambayi kowa ba," in ji matar. "Maigidana ya rasu tun bara, amma duk farkon wata sai ta aiko masa da saƙo: 'Malam Nu'uman, da fatan kana lafiya.'"

"Subhanallahi! Ta kashe mai rai, ta raya mamaci! Kin zo a cire sunan ke nan?"

"Shi ke kawo ni. Ba yau na fara zuwa ba."

"Kuma ba su saurare ki ba? Wannan zalunci har ina!"

Ta miƙa masa wayarsa.

"Ni ce nake tashi kafin layi ya zo kaina, Malam. Yanzu ita kaɗai ke kiran sunansa."