Iyakar da Ta Tashi Ta Bar Mu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma shugaban wannan kwamiti, ranka ya daɗe. Mambobin kwamiti da kuka baro ofisoshinku kuka sha doguwar hanya. Wakilin hukumar filaye. Wakilin kamfanin gona da lauyansa. Dattawanmu, waɗanda na ga wasu sai da aka riƙo su aka kawo su. Iyayenmu mata da ke zaune can baya tun hantsi. Masunta, masu fito da manoman bakin ruwa. Ɗalibaina na da, waɗanda wasunsu yau sun fi ni furfura. Jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana, ina godiya ga kwamiti da ya yarda ya saurare mu a cikin ajin da na yi shekara talatin ina koyarwa, ina kuma godiya ga jama'armu da suka ce ni zan yi magana a madadinsu. Sakatare ya raɗa min cewa minti goma aka ba ni. Ban san wanda ya gaya masa tsohon malamin makaranta yana gama magana a minti goma ba, amma zan yi bakin ƙoƙarina.

Ranka ya daɗe, abin da ya tara mu takarda ce. Kwana biyar da suka wuce aka liƙa ta a ƙofar yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, ita kaɗai ta rage a tsohon garinmu a wancan ƙetare. Takardar ta ce ƙasar da take zaune a kai ba tamu ba ce, an ba kamfani haya, ta tashi cikin mako biyu. Saura kwana tara. A kan wannan zan yi magana, kuma maganata huɗu ce.

Ta farko, kogin da muka sani. Mu ba baƙi ba ne a wannan gaɓa. Ba mu da labarin inda muka fito, domin babu kakan da ya taɓa ba mu labarin wani wuri kafin nan. Yarenmu, wanda yau jikokinmu ke jin kunyar yi a makaranta, yana da suna ga kowace lanƙwasa ta kogin nan, yana da suna ga kowane zurfi, yana da suna ga kowane tudun yashi. Ba ma cewa gabas ko yamma, sai sama da ruwa ko ƙasa da ruwa. Idan ka tambayi tsohuwa shekarunta, za ta ce an haife ta cika uku bayan wance, wato cikar kogi uku. A wancan zamani kogi ta gaban tsohon gari yake bi, ya yi gwiwa ya zagaye shi ta ɓangare uku. Yakan cika a lokacinsa, ya sauka a lokacinsa, ya bar mana baƙar laka a gonaki da kifi a kududdufai. A mashigi akwai manyan duwatsu bakwai jere kamar matakala, inda mata ke wanki, kowanne ya sha hannu har ya yi santsi. Da su muke gane cikar shekara: in ruwa ya hau na biyar mun gode, in ya hau na bakwai a fara kwashe kaya.

Ta biyu, yadda aka yi takardar iyaka, kuma a nan ne nake roƙon jama'armu su yi haƙuri da ni, domin akwai abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da masu awon ƙasa suka zo mana da mota cike da turakun siminti. Ni kaɗai ne a garin na yi karatun zamani, ban daɗe da fara koyarwa ba, kaina a kumbure, biro uku a aljihun gaba. Ni aka sa tafinta, ni kuma aka ba rubutu. Shugabansu mutum ne mai haƙuri, Allah ya jiƙansa in ya rasu, ya ƙara masa lafiya in yana raye. Ya ce a nuna masa inda ƙasarmu ta tsaya ya kafa turaku. Mahaifina, wanda shi ne babban mai fito, ya ce, "Ka gaya masa ta tsaya a kogi."

Mutumin ya ce, "Baba, kogi yana tafiya."

Na fassara, dattawa suka yi ta dariya har da masu share hawaye. Mahaifina ya taɓa turke ɗaya da ƙafa ya ce, "Wannan abin mutum biyu ne suka sauke shi daga mota, mutum biyu kuma za su iya matsar da shi ranar da ba ma nan. Ka tambaye shi, mutum nawa za su ɗauki kogi?"

Wannan kowa ya sani, ana ba da labarinsa har yau. Abin da ba a sani ba shi ne, bayan an watse mutumin nan ya ja ni gefen motarsu ya ce, "Malam, kai ka yi karatu. Ka lallashe su, ko guda huɗu ne su bar ni in kafa a bakin gaɓa. Ba zai cutar da kowa ba." Ni kuwa na gyara tsayuwa na ce masa, "Yallaɓai, ka bar mu da abin da muka sani." Ban koma wurin dattawa ba, ban gaya wa mahaifina ba. Na zauna na rubuta da hannuna, da kyakkyawan rubutun da nake taƙama da shi, cewa iyakar ƙasarmu kogi ce.

Kuma ba shi kaɗai ya ja kunnena ba. Da na sauko mashigi zan wanke tawada, yayata tana kan duwatsu tana wanki. Tun ina ƙarami ba ta raga min, Mai Alƙalami take ce min don tsokana. Ta ce, "Mai Alƙalami, ka rubuta musu cewa bana ruwa ko dutse na uku bai taɓa ba?" Na ce mata ta ji da wankinta, wannan maganar manya ce. Ta ce, "To, manya." Ta ci gaba da bugun zane.

Ta uku, yadda kogi ya sauya. Bai sauya rana ɗaya ba, ranka ya daɗe, a hankali ya yi ta sauyawa muna kallo. Aka gina madatsar ruwa can sama, inda ko sunanmu ba a sani ba. Daga nan cika ta daina zuwa a lokacinta: shekarar da muka jira ta ba ta zo ba, shekarar da muka shuka har bakin gaɓa sai a sako ruwa ba sanarwa. Laka ta daina zuwa, yashi ya maye gurbinta. Inda mahaifina ke nutsa gorar tuƙi har ƙarshe bai taɓa ƙasa ba, sai ga awaki suna ƙetarewa. Manyan kifayen da mutum ɗaya ba ya ɗauka suka ɓace, masunta suka rataye taru, 'ya'yansu suka tafi birni dako da gadi. Mahaifina ya rasu jirginsa na kife a kan yashi, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Duk wannan muka gani, duk wannan muka jure, muna cewa ai kogi yana nan.

Sai shekara goma sha tara da suka wuce, ranar wata Laraba da rana tsaka, ruwa ya zo da yawan da ba mu taɓa gani ba. Ya iske gwiwar nan ta cike da yashi, bai tsaya neman hanya ba, ya fasa ta bayan gari, ta cikin gonakinmu, ya miƙe. Mun rasa mutum goma sha ɗaya a yinin nan, iyalansu suna cikin ɗakin nan, ba sai na kira suna ba. Da ruwa ya janye sai muka ga kogi bai koma gaban gari ba. Ya zauna a sabuwar hanyarsa, ya bar tsohon gari a ƙetare, da gidajenmu, da rijiyarmu, da makabartarmu. Yawancinmu muka dawo wannan gefe inda makaranta da hanyar mota suke. Yayata da mijinta suka ce ɗakinsu bai faɗi ba, ba inda za su. Da ya rasu aka binne shi a can kusa da iyayenmu, ita kuma ta kafe. Na yi lallashi, na yi faɗa, na gina mata ɗaki a gidana har da taga biyu. Ta zo ta leƙa ta ce, "Ya yi kyau. Ka sa littattafanka a ciki."

Ta huɗu, abin da muke roƙo. Ban zo in zagi kamfani ba, ban zo in zagi hukuma ba. Lauyansu ya tashi ɗazu ya karanta takarda, ya ce ta ce kogi, ga kuma kogi, duk abin da ke ƙetare ba namu ba ne. Bai ƙara ko harafi ɗaya ba, na san rubutuna. Amma ranka ya daɗe, wanda ya rubuta takardar nan bai mutu ba, ga shi tsaye a gabanka. Kogin da na rubuta shi ne wanda ke bi ta gaban tsohon gari a ranar da na rubuta. Kogin da mahaifina ya nuna shi ne wanda ya yi shekara hamsin yana fito a kai. Ba mu sayar ba, ba mu bayar ba, ba mu yi ƙaura da son ranmu ba. Iyakarmu ce ta tashi ta bar mu, kuma laifin rashin turke nawa ne, ba na tsohuwar da ta gaya min gaskiya tana wanki ba.

Lauya ya ce, ina shaidarmu? Shaida tana nan, amma ba za ta daɗe ba. Tsohuwar hanyar kogi ta cike, ciyawa ta rufe ta, wanda bai sani ba zai taka ta ya wuce. Duwatsun wanki bakwai, motar kamfani mai ture ƙasa ta riga ta tumɓuke huɗu don sun tare mata hanya, saura uku. A cikin waɗanda suka san kogin nan lanƙwasa bayan lanƙwasa, suka san inda ya fara gwiwa da inda ya ƙare, mutum ɗaya ce ta rage da ƙafafunta da hankalinta, ita ce wadda aka ce ta tashi. Saboda haka roƙonmu shi ne kada kwamiti ya yanke hukunci a kan tebur. Ku ƙetara, tafiyar ba ta kai rabin awa ba, masu fito sun ce ko sau goma ne za su kai ku. Ku bi ta a baya ta nuna muku gaɓa da sandarta, ku sa a tona inda ta nuna ku ga yashin kogi da idonku. A dakatar da motar nan, a dakatar da takardar nan, har ku gani. In kun gani kun ce ba haka ba ne, mun yi shiru.

Na so ta zo da kanta yau. Na ƙetara da safe don in ɗauko ta, na same ta ta share tsakar gida tas, tana zaune a bakin ƙofa, takardar na liƙe a saman kanta. Ta ce ba za ta zo ba, tana tsoron ta dawo ta tarar an sa wa ƙofar kwaɗo. Na ce to me zan gaya musu? Na zaci za ta wanke ni kamar yadda ta saba, har na shirya. Ba ta yi ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Ta ce, "Auta, ni ba gardama zan yi da hukuma ba, na tsufa. Abu ɗaya za ka tambayo min. In na cika kafin kwana taran nan, za su bar ku ku sa ni kusa da Inna? In kuma na wuce kwana tara da rai, shi ke nan na makara?"

Ranka ya daɗe, shekara talatin na yi a ajin nan ina amsa tambayoyi, wannan ban iya amsa ta ba. Na ce mata zan tambayo. In an tashi daga taron nan zan sake ƙetarawa, kuma na san zan same ta a bakin ƙofa tana jira. Ina roƙon ka, kafin ka shiga mota, ka gaya min abin da zan ce mata.

Allah ya ba shugaba da kwamitinsa ikon yin adalci, ya sa su gama lafiya. Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya jiƙan iyayenmu da ke kwance a ƙetare, ya yafe min abin da na ɓoye. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya dawo mana da 'ya'yanmu da ke nesa, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya kuma bar kowa a gidansa.

Na gode.